Teburin Malam Jibrin Mai Tsaga

Ina tsaye a gaban aji ranar Talata da hantsi, hannuna duk alli, Malam Yohanna ya jingine kekensa a bakin taga ya ce Malam Jibrin ya rasu da asuba a gidansa na Gwallaga. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ko wata uku ba a yi da bikin samun 'yancin kai ba, bikin da ya kalla daga kan kujera saboda ciwon ƙirji.

Shi ya koya mana yadda ake koyar da kimiyya a makarantar horon malamai ta nan Bauchi, ni da Yohanna. Al'adarsa ita ce ya sa ɗalibi ya koyar da darasi ɗaya sau biyu: aji guda a rubuta musu a allo su haddace, ɗayan kuma a ba su kaya su gwada da hannunsu. Bayan mako ya zaga da mu, mu yi wa yaran tambayoyi, mu ga wanne ya zauna. Bai taɓa raina hadda ba, shi kansa mahaddacin Alƙur'ani ne. Yakan ce, "Sunan abu a haddace shi, halinsa kuwa sai an taɓa."

Ni dai ɗan hadda ne, kuma ina taƙama da hakan. Ranar gwajina na ƙarshe, wanda takardar shaidar malantata ta rataya a kansa, darasin iska aka ba ni: a kunna kyandir, a kifa masa kwalba, wuta ta mutu. Tun jajibere na lallaɓa na biya wa yaran amsa har ta zauna daram. Malam ya sa aka shigo da wani tsohon tebur, ya koma bayan aji ya zauna da littafinsa.

Na kifa kwalba, na tambayi abin da ya faru. Yara suka amsa da murya ɗaya cewa wuta ta mutu domin iska ta ƙare. Kyandir kuwa yana ci abinsa a gabansu. Na sake tambaya, suka sake rerawa da ƙarfi. Har raina ya ba ni in ɗaga kwalbar in hure shi a sace.

Malam bai ɗaga murya ba. "Malam Sale, wa kake so su gaskata, kai ko idonsu?"

Na haɗiye kunyata na gaya wa yaran cewa wutar ba ta mutu ba, kuma ni ma ban san dalili ba. Suka taso suka kewaye teburin. Wata yarinya, Laraba, ta leƙa ƙarƙashi ta ce akwai tsaga a katakon, daidai bakin kwalbar. Aka ɗebo laka aka toshe, wuta ta yi ƙasa ta mutu. Malam ya ba ni nasara da kyar, ya ce abin da ya cece ni shi ne "ban sani ba" da na faɗa a gaban yara.

Shekara huɗu ina ɓoye wannan labari, ina ganin abin kunyata ne ni kaɗai. Sai a zaman makoki na ba Yohanna, ya yi murmushi da jajayen idanu.

"Kai ma? Ai da wannan tebur ya gwada mu duka."

Na yi kuka a zauren nan, ban damu da wanda ya gani ba. Na roƙi shugaban makarantar horon malamai ya ba ni teburin, yanzu yana ajina a makarantar unguwar Ɗan Iya. Kafinta ya zo gyaran kujeru ya ce bari ya toshe tsagar, na hana shi.

Allah ya jiƙan Malam Jibrin, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya ba matarsa Goggo Hajara da 'ya'yansu haƙurin rashinsa, ya raya abin da ya bari. Amin.