Ƙurar Sama da Garin Dashishi

A rediyo na ji cewa duniyoyi daga ƙura suke samuwa: ƙurar ta yi ta kewaya tauraro tana curewa har ta dunƙule. Maganar ta burge ni, sai kuma tsoro ya kama ni, ko na yi saɓo da na yarda.

Na tafi Mafoni wurin yayata. Na tarar tana murza garin dashishi a ƙwarya, tana yayyafa ruwa, yana cuccurewa ƙanana-ƙanana. Na faɗa mata damuwata.

Ta ce, "Ke da tsoronki! Garin nan shi yake juya kansa?"

Na ce a'a.

"To, ƙurar ma tana da Mai juya ta. Karɓi, hannuna ya gaji."

Na karɓa ina murzawa, hankalina kwance. A keke dai na ƙara istigfari, ko da akwai saura.