Motata Ba Ta Taɓa Kowa Ba

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa a kan wannan labari, domin ba ni ne wanda aka zalunta a cikinsa ba. Ba zan ambaci sunan kowa ba, har da na garinmu.

A lokacin ina da shekara ashirin da huɗu, na gama kwalejin ilimi ina zaman jiran aiki a ƙauyenmu da ke bakin titi a yankin Tsanyawa. Mahaifina mai hali ne, yana da gonaki da yawa, yana kuma sayen hatsi yana kaiwa birni. Yana da ƙaramar mota wadda nake tuƙa shi a ciki, idan ya shiga gida kuma ta zama tawa. A shekarar aka sake zuba wa titinmu kwalta, ya yi sumul tun daga gada har makarantar firamare, mu kuwa samari muka mai da shi filin wasa. Da babura aka fara, daga baya masu mota muka shiga. Sai a jera biyu-biyu a take wuta, sauran matasa suna gefe suna ɗauka a waya. Dagaci ya aiko a daina, liman ya yi magana a masallaci, muka yi kwana biyu muka koma.

Abokin karawata ɗan gwaggona ne, taubashina, tare muka tashi. Motar haya yake ja ta wani mutum, yana da mata da ɗa guda. Ya fi ni iya tuƙi nesa ba kusa ba, kuma abin yana cina a rai. Wata ranar kasuwa da kaka, bayan la'asar, na same shi ya sauke fasinja yana wanke fuska a bakin gada, na ce ya zo mu gwada. Ya ce yau ba rana ba ce, titi cike yake da masu komawa gida. Na shiga yi masa wasan taubasai a gaban mutane, na ce tun da ya yi aure ya zama rago, sai matarsa ta ba shi izini yake taka mota. Aka yi ta dariya. Ya goge fuskarsa da hula, ya shiga mota.

Ni na fara yin gaba. Muna dab da makaranta na hango shi ta madubi ya fito ta hagu zai wuce ni. Na karkato na tare shi. Ya ƙara matsawa, na ƙara tare shi, har tayoyinsa suka sauka daga kwalta. A nan gefen wata mata take tafiya, ta dawo daga injin niƙa da roba a ka, goye da jaririya. Na ji ƙarar, na ga gari ya tashi fari fat ya rufe titi, motarsa kuma ta wuntsila cikin gonar dawa. Na san matar. Mijinta yana noma wata gonar Baba da aka ba shi aro, ta sha kawo mana ɗanyar gyaɗa gida. Na rage gudu kamar zan tsaya, sai na taka na wuce. Na zaga ta bayan gari na shigar da mota gida, na lulluɓe ta da tamfol, na yi alwala na tafi masallaci. A sahun gaba na yi magariba.

Jaririyar a take ta rasu. Uwar kuwa da ranta, tana kwance a gefen titi jini yana zuba, ana neman abin da za a ɗauke ta. Motocin kasuwa duk sun tashi, tawa ce kaɗai mai lafiya a garin, tana ƙarƙashin tamfol. Sai da aka ɗauki lokaci mai tsawo kafin a sami wata kurkura mai ƙafa uku, kafin su isa asibiti ta cika. Taubashina ya karye a cinya da ƙugu, 'yan sanda suka sa masa mai gadi a gadon asibiti.

Baba ya tambaye ni sau ɗaya tak ko ina wurin. Na ce wucewa kawai na yi, motata ba ta taɓa kowa ba, ya je ya duba jikinta. Ya daɗe yana kallona, bai sake tambaya ba. Washegari ya je wurin Gwaggo, ƙanwarsa, ya ce ta gaya wa ɗanta ya ce birki ne ya tsinke, kada kalmar tsere ta fito daga bakinsa, shi zai ɗauki lauya ya kuma riƙe iyalinsa. Gwaggo ba ta taɓa musa wa yayanta ba, ta amince. Samarin da suka kalli tseren kuma aka bi iyayensu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya goge abin da ke wayarsa.

Ranar sadakar uku Baba ya tara dattawa huɗu suka je wurin mijin marigayiyar, ni na tuƙa su, a cikin motar nan. Muka same shi zaune a kan buhu a ƙofar gida, 'ya'yansa huɗu suna raɓe da shi. Aka yi addu'a, aka yi masa maganar ƙaddara da ladan mai yafiya. Ya yi shiru kansa a ƙasa. Da Baba ya ga shirun ya yi yawa sai ya gyara zama, ya ce da ma akwai maganar gonar nan, yaran gidanmu sun fara cewa suna son ta baɗi, amma shi yana ganin zumunci ya fi gona. Mutumin ya ɗago ya dubi Baba, ya dubi 'ya'yansa, sannan ya miƙo babban yatsansa aka shafa masa tawada ya dangwala a takardar yafiya. Da za mu tafi har mota ya rako mu, ya yi mini godiya da na kawo dattawa.

Mun zaci magana ta ƙare, sai lauya ya ce takardar nan haƙƙin iyali kawai ta sauke, hukuma kuwa tana da nata, rai biyu ba a rufe su da dangwale. Aka kai taubashina kotu, aka kira ni shaida saboda an ga motata a kan titin. Na yi alwala na dafa Alƙur'ani na rantse, na ce babu wani tsere, tafiyata nake yi ya taho a guje ya nemi wuce ni. Da na tsaya nan da sauƙi. Amma tsoro ya sa na ƙara abin da ba a tambaye ni ba, na ce kowa ya san yana shan ƙwaya kafin ya hau titi. Wallahi ko goro ba ya ci. Yana tsaye a kan sanduna biyu, ya juyo ya dube ni, bakinsa a buɗe, kamar yana jiran in yi dariya in ce wasa ne.

Matarsa tana cikin kotun ranar. Ita ce ta bi gida-gida a garinmu da ƙauyukan kewaye, da goyo a bayanta, tana roƙon mata su duba wayoyin mazansu da ƙannensu, har ta sami wanda aka tura wa hoton tseren bai goge ba. A zama na gaba aka kunna shi a gaban alƙali. Muryata ce ta fara fitowa ina kiran mijinta rago, ana dariya. Sannan aka ga motata tana tare shi sau biyu, aka ga fitilun birkina sun kama bayan karon, suka mutu, na wuce. Daga wurin shaida aka mai da ni wurin wanda ake tuhuma.

Har a lokacin ban saduda ba. Na riƙe lauya ina ce masa ai ba ni na buge ta ba. Ya cire tabarau ya ce, “Malam, kotu ba ƙarfen da ya taɓa ta kaɗai take nema ba. Wa ya kira tseren? Wa ya ture shi gefe? Wa ya gani ya wuce? Duk kai ne.” Alƙali ma abin da ya faɗa ke nan, cewa duk wanda ya shiga tsere a kan titin jama'a ya yi tarayya a abin da tseren ya haifar. Aka ɗaure taubashina shekara uku, ni biyar, har da laifin shaidar zur. Gidan yari ɗaya aka kai mu. Shekara uku muna haɗuwa a layin abinci yana jan ƙafa, bai taɓa ɗaga ido ya dube ni ba. Muna ciki Gwaggo ta rasu, babu wanda ya ga gawarta a cikinmu. Baba kuwa ya janye hannu daga iyalin taubashina ranar da aka kunna hoton, kuma ya karɓe gonar daga mijin marigayiyar tun kafin damina, wai yana zargin da bakinsa a ciki. Mutumin bai san komai ba.

Da na fito na yi ta cigiyarsa har na same shi a wani ƙauye wajen Bagwai, yana ƙwadago a gonakin mutane, an raba 'ya'yansa a dangi. Na durƙusa a kunyar da yake nomewa na ce ya yafe mini. Bai ajiye fartanyar ba. Ya ce, “Ai na yafe, kana wurin, kai ka kawo dattawan.” Na ce waccan ta dole ce, ta zuciya nake nema. Ya ce, “Waccan ta gona ce, kuma an karɓe gonar. Wata kuwa ban da ita. Matsa, kana taka mini shuka.” Na matsa, ya ci gaba da nomansa, na tsaya har na gaji na tafi.

Yau ba ni da aikin koyarwar da na yi karatu dominsa, ba mai ɗaukar wanda ya yi rantsuwar ƙarya ya koya wa yara. Hukuncin kotu yana da ranar ƙarewa, na kuma ga ƙarshensa, amma na mutanen da na cuta babu wanda ya yanka mini kwanakinsa. Ina kira ga samarin da ke jera motoci da babura a titunanmu, da masu tsayawa gefe suna zuga su: ranar da abin ya faru, ba wanda zai tambaye ku ko wasa kuke yi. Iyaye kuma masu rufa wa 'ya'yansu asiri da ƙarfin arziki, ku sani a kan marar ƙarfi kuke sauke nauyin. Wanda kuwa tsautsayi ya riga ya afka masa, ina roƙonsa abu ɗaya: ya tsaya, ya buɗe ƙofa ya ɗauki wanda ke kwance. Ni kam, daga inda matar nan ta faɗi zuwa asibiti tafiyar minti ashirin ce.