A-kori-kurar da ba za ta hau jirgin ruwa ba

A cikinmu nan, Bahaushe ba ya sayen mota don zaman Amurka. Yana saye ne da tunanin ranar da zai ɗora ta a jirgin ruwa daga Baltimore, ta sauka Legas ko Kwatano, ƙanensa ya je ya tuƙo ta gida. Shi ya sa in ka tsaya a filin ajiye motoci na masallacin Sterling ranar Juma'a, sai ka ɗauka a Japan kake. Motar Japan kowane bakanike a Kano ya san cikinta, kayan gyaranta kuwa a Ƙofar Ruwa har tuntuɓe ake yi da su. Ta Amurka in ta lalace a can, sai dai kaji su yi ƙwai a cikinta. Babu wanda ya kafa wannan doka, amma kowa ya san ta: motar da ka saya ita ke gaya wa jama'a ko kana da niyyar komawa.

Ni aikina gyaran farfajiyar gidaje ne a garin Clinton da kewaye. Ina yanke ciyawa, ina kwashe ganye, in sanyi ya zo in ture ƙanƙara daga ƙofofin mutane. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ni mutum ne mai wasiwasi. Ina iya kulle ƙofa in kai bakin titi, in dawo in sake taɓa ta. Da tsohuwar motata ta mutu a kan babban titin da ya kewaye Washington, bakanike ya leƙa cikinta ya ce in yi mata addu'a kawai. Aiki ya riga ya ƙaru, dole in nemi babbar a-kori-kura wadda za ta ja tirela da injina na yankan ciyawa.

Biyu na gani a wani filin sayar da motocin hannu. Ɗaya ta kamfanin Japan ce, lafiyayya, ba ni da abin kushe ta sai gajeren baya. Ɗayar ta kamfanin Amurka ce, fara, mai dogon baya, da ƙarfen maƙala garmar ƙanƙara a gaba. Ƙirjinta kamar na bijimin huɗa. Da aka tayar da ita ba ta yi ihu ba, gurnani ta yi a hankali, irin na abin da ya san ƙarfinsa. Na hau na zauna, na ga rufin sauran motoci a ƙasana. Duk inda hannu zai nema, an sa masa abin kamawa. Duk inda igiya za ta bi, an bar mata ƙugiya. Wanda ya ƙera motar nan ya taɓa ɗaure kaya da hannunsa cikin sanyi. Na so ta tun a ranar, sai na ji tsoro.

Da farko na ɗora tsoron a kan wani abu dabam. Akwai wani tsohon Bature da nake yanke wa ciyawa, mutumin kirki, ya ce min shi a ganinsa mutum ya sayi abin da maƙwabtansa suka ƙera. Maganar ta tsaya min a rai, don na ɗaga hannu na yi rantsuwar zama ɗan ƙasa, kuma ni ba na wasa da rantsuwa. Bayan sallar Juma'a na tare malaminmu na tambaye shi ko sayen motar Japan zai taɓa rantsuwata. Ya dube ni ya ga da gaske nake, ya danne dariyarsa ya ce, "A cikin abin da ka rantse, an ambaci mota?" Na ce a'a. Ya ce, "To je ka sayi wadda za ta yi maka aiki." Babbar 'yata kuma ta duba wayarta ta gaya min, da Turanci kamar kullum, cewa ta Japan ɗin a nan ƙasar ake harhaɗa ta, ta Amurkan kuma akwai kayan wasu ƙasashe a jikinta. Wannan ƙofa ta rufe, ya rage ainihin abin da ke damuna.

Shekaru da yawa da suka wuce, ranar da na ɗauko maiɗakina daga filin jirgi, sabuwar zuwa daga Kano, sanyi ya buge ta ta yi kuka a mota. Na ce mata ta yi haƙuri, 'yan shekaru ne mu koma. Tun daga nan duk motar da na saya sai ta tambaye ni, "Wannan za ta iya hanyar gida?" in ce za ta iya. A ɗakin ƙasa na gidanmu akwai manyan durom da ta cika da kwanuka da barguna na gidan da za mu zauna a Kano. In na shigo da farar motar nan, na gaya mata ke nan a gaban kowa cewa maganar da na yi mata ta tashi.

Na kai kukana wurin wani abokina, dattijo Badamagare da ke Springfield. Shi ne na farko a cikinmu da ya sayi babbar motar Amurka, aka yi ta gulmarsa.

"Bakano," ya ce, "kai ko takalmi za ka saya sai ka yi istihara?"

"Gara ni. Kai da ka sayi akurkin kaji."

"Kajin Damagaram ba za su gan ta ba. Jikokina a nan aka haife su, garinmu a bakina kawai suke jin sa. Ni don aiki na saya, ba don jirgin ruwa ba." Ya zuba min shayi. "Ka tambayi madam?"

"Me zan ce mata?"

"Ka ji Kanawa. Ku iya sayar wa mutum rigarsa, amma tambayar matarku ta gagare ku."

Ban iya tambayar ba. Abin da na yi shi ne na yanke shawarar sayen ta Japan, ko da zan riƙa yin sawu biyu a aikin sawu ɗaya, na ce mata ta raka ni ranar Asabar ta sa albarka.

Da muka isa na nufi ta Japan kai tsaye, ban ko kalli ɗayar ba. Ta zagaya ta, ta ce ba laifi. Sai ta wuce ni ta tsaya a bayan farar. Ta gyara mayafinta, ta ɗora gwiwar hannu a bakin bodin, ta fara aunawa kamu-kamu kamar mai sayen yadi a Kwari. Mai sayar da motocin ya tsaya yana kallo.

"Malam, wannan ai ita ce motar. Waccan ina za ka sa injin, ina za ka sa min taki?"

"Wane taki?"

"Na lambuna. Kullum a ɗan buhu kake kawo min kamar magani."

Na matso kusa don kada muryata ta fita. "Wannan fa ba ta zuwa gida. Ba mai iya gyaranta a can."

"Na sani."

"Na yi miki alkawari."

Ta ci gaba da awonta har ta kai ƙarshe, sannan ta juyo. "Itacen ɓauren da ke bayan gida, wa ya dasa?"

"Ke."

"Wanda nake naɗe wa bargo duk sanyi. Ka taɓa ganin an ɗora bishiya a jirgin ruwa? Bargon ma daga cikin durom na ciro shi. Kwanukan kuwa ƙannena sun daɗe suna cin abinci a ciki a gidajen mazajensu. Yaushe rabonka da buɗe durom ɗin nan?"

Ni da nake komawa in taɓa ƙofa, ban taɓa ɗaga murfin durom ba, don tsoron abin da zai tuna min.

"Me ya sa ba ki gaya min ba?"

"Da na gaya maka, da ka tafi wurin malam neman kaffara. Na yafe maka maganar nan tun shekarar da aka haifi auta. Za mu riƙa zuwa mu gaida mutane mu dawo. Yarana suna nan, ina zan je in zauna?"

Na ce ta sake faɗa. Ta ce, "Na yafe." Na ce da akwai shaida da hankalina ya fi kwanciya. Ta nuna mai sayar da motoci da haɓa ta ce, "Ga shi nan." Bawan Allah bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya ga an nuna shi, ya gyaɗa kai da murmushi.

Na daɗe da sanin tana da haƙuri. Abin da ban sani ba shi ne, shekara da shekaru tana tambayata ko mota za ta iya hanyar gida, ba don kanta ba, don ta ga ni ne ban shirya jin amsar ba.

Kayan farko da farar ta ɗauka takin dawaki ne daga wata gona a kudancin Maryland, har ya yi tozo, ba ta ko nuna ta san an ɗora mata wani abu ba. Maiɗakina na zaune a gaba, can sama, tana nuna min inda za ta ƙara kunyar yakuwa da kuɓewa. Juma'ar da ta biyo baya na wanke motar na ajiye ta a tsakiyar motocin Japan, ta fi kowace tsawo. Wani ya ce, "Alhaji, an zauna ke nan?" Na ce an zauna. Badamagaren ya ce ba a yi wa Bakano murna sai an ga bai mayar ba.

Ban mayar ba. Amma da aka idar da salla na jira mutane suka ragu, na tambayi malam maganar kaffara.