Abin da Aka Manna Mini a Ƙirji

Tun cikina yana wata biyar nake tsoron wankan jego fiye da naƙuda. Yayata ta haihu lafiya, aka yi suna, aka ci nama, ba ta cika arba'in ba ta rasu. Ba wanda ya iya gaya mini abin da ya kashe ta. Aka ce kwana ne ya ƙare.

A Kalgo nake aure, can na haihu a asibiti. Da za a sallame ni, wata nas 'yar Zuru ta ce bugun zuciyata bai kwanta mata ba. Ta manna mini wani abu ƙarƙashin nonon hagu, laushi kamar filasta, bai kai tafin hannuna ba. Ta haɗa shi da wayata, ta ce yana sauraren zuciyata yana aika musu. Ta ja mini kunne a kan abu biyu: kada ruwan zafi ya taɓa shi, kada ya daɗe ba a jikin mutum ba.

Aka kai ni Gwandu wankan gida wurin Gwaggo, don mahaifiyata ba ta raye. Mata suna shigowa barka, su karɓi jaririyar, su yi gardamar hancin wa ta ɗauko, su fita. Ni dai a miƙo mini kunun kanwa, a ce in shanye. Nakan ɗora hannu a kan abin nan, in ji kamar akwai mai zama da ni a ɗakin.

Safe da yamma Gwaggo tana tafasa ruwa da ganyen darbejiya. Da ta ga abin ta ce layar Turawa ce, in cire kafin ta dafa ni da ita. To ina zan aje? An ce jikin mutum. Sai na riƙa manna wa ɗiyata a ƙirji har in fito. Har daɗi nake ji, a saurara mini tata ma.

Kwana na huɗu nas ta kira, babu sabis sosai, ban ji ta ba. Da azahar sai ga ta a kan mashin, da jakarta. Ta ce kullum sau biyu zuciyata tana gudu kamar za ta fashe. Da na gaya mata abin da nake yi, ta yi dariya har ta dafa bango. Ashe zuciyar jariri haka take sauri.

Ta tashi tafiya ke nan ta dubi ƙafata. Ta danna da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Dariyar ta tsaya.

"Ƙanwata, tun yaushe?"

"Kwana uku, Sista. In na kwanta ma numfashi ba ya isata."

"Wa kika gaya wa?"

Ban gaya wa kowa ba. Ba wanda ya tambaya.

Ranar aka mai da ni asibitin Kalgo, aka ce zuciyata ce ta yi rauni, aka hana kanwa da ruwa mai tafasa. Gwaggo ta yi fushi na mako guda, sannan ta zo da fura. Har yau ina shan magani.

Don Allah, in kun je barka, kafin ku karɓi jaririn ku zauna kusa da uwar. Ku tambaye ta jikinta, in ta ce da sauƙi ku sake tambaya.