Tatatar Ummi da Ban Gani Ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata tara ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu cewa na samu duniya na manta da ku, Allah ya shirye ku, jinya na yi.

Abin ya fara ne a gidan biki a Zandam, ni da Yaya Hadiza muna luguden gero a turmi ɗaya. Tun muna yara muke lugude, ba mu taɓa karo ba. Ranar sai na ga taɓaryarta a sama, na kuma ganta cikin turmi, amma saukowarta ban gani ba. Na sauke tawa a kan yatsunta.

"Ke Bilki, lafiyarki kuwa?" in ji ta.

Daga nan motsi ya ɓace mini. In ina zuba shayi sai in ga ruwan a tsaye kamar igiya, sai zafi ya same ni a ƙafa. Babur yana can nesa, kafin in ankara yana gabana.

Inna ta ce iska ce. Sati uku ana hayaƙi.

Da mijina Malam Sani ya kai ni asibiti a Birnin Kudu, aka tarar jinina ya hau sosai. Aka tura mu Kano hoton ƙwaƙwalwa, aka ga wata 'yar jijiya ta toshe.

Likita ya nuna mana ɗigo biyu a kwamfuta, wannan ya haska ya mutu, wancan ya haska. Malam ya ce ɗigo ɗaya yake gani yana kai da kawo. Ni biyu nake gani.

Likitan ya ce, "Idonki lafiya lau. In hoto ya biyo hoto da sauri, ƙwaƙwalwa ce ke haɗa su ki ga motsi. Taki tana makara."

Wallahi ba mutuwa na ji wa tsoro ba. 'Yata Ummi tana wata goma, ta fara dafa bango. Addu'ata kullum in warke kafin ta taka.

Ba ta jira ni ba.

Ina zaune kan tabarma, gida ya ɗauka, "Tatata! Tatata!" Na ganta a bakin ƙofa, na ganta a tsakar gida, na ganta a cinyata. Na yi dariya tare da su, na shiga ɗaki na sha kukana.

Magani safe da yamma, gishiri kaɗan, duk wata a koma gaban ɗigon nan. A wata na bakwai ya motsa, har na yi ihu.

Alhamdu lillahi. Malam, Inna, Yaya Hadiza, likitocina, Allah ya saka muku da alheri.

Mata, don Allah ku riƙa auna jini. In gani ya canza, a yi addu'a, amma a tafi asibiti a ranar.

Kuma ku riƙa ɗaukar bidiyon 'ya'yanku a waya. Tatatar Ummi ba wanda ya ɗauka, don kowa ya ga ina wurin. Yanzu gudu take yi, ina ganin kowane taku. Amma takun nan na farko, har gobe ina tambayar Inna yadda ya kasance.