Da Hannuna Na Ba Da Waƙar Mahaifina

Edita, lokacin da abin ya faru ina aikin sito a wata makaranta, ina zaune a Ƙofar Kware. Duk Mauludi ni ke ba da waƙar bege a gidanmu, 'yan'uwa na amshi. Cikin waƙoƙin akwai wadda marigayi mahaifinmu ya rubuta da ajami, ba a taɓa rera ta a wajen zaurenmu ba. Zan faɗi kurakuraina bi da bi.

Na farko, na shiga gasar waƙa ta wani gidan talabijin ban shawarci kowa ba. Na biyu, ranar tantancewa wani jami'insu ya tsare ni da tambayoyi, ba kan muryata ba, kan waƙar: wa ya yi ta, baiti nawa ce, an taɓa ɗaukar ta a faifai? Jikina ya ba ni, amma na danne. Na uku, ya miƙo takarda da Turanci, ya ce ta shiga gasa ce kawai. Kunyar a ce ban gane ba ta sa na sa hannu.

Kowane mako mai gabatarwa zai ce masu kallo su aika saƙon waya su zaɓi gwaninsu. Na bi gida-gida har Unguwar Rogo ina roƙon ƙuri'a, har gwaggona ta ce tsofai-tsofai da ni na koma ɗan siyasa. Makon da na rera waƙar baba, aka ce ba wanda ya kamo ni a yawan saƙonni. Mako na gaba alƙalai suka ce muryata ta tsufa, aka sallame ni.

Bayan wata biyu na kira wani abokina. Kafin ya ɗauka sai na ji baitin mahaifina a wayar, wani matashi na rerawa da kiɗan fiyano. Na je gidan talabijin ɗin, aka nuna mini sa hannuna a takardar nan, ashe mallaka musu waƙar na yi. Ba ni da hujja, amma har yau ina zargin saƙonnin nan ba mawaƙi suke zaɓa ba, da su gidan talabijin ke auna waƙar da za ta karɓu a kasuwa.

Yayana ya tara dangi, ya karɓe littafin waƙoƙin daga hannuna. Mauludin bana a sahun baya na zauna, ina amshi.

Na gane abin gado ba na mutum ɗaya ba ne, balle ya kai shi gasa. Duk wanda aka miƙa wa takarda, ya kai a karanta masa tukuna. Kunyar tambaya ta minti ɗaya ce. Tawa kuwa, duk wayar da na kira sai gabana ya faɗi.