Hoton da Inna Ta Rufe da Yatsa

A Kuala Lumpur da zarar ka buɗe baki da Hausa, shi ke nan, an mai da kai ɗan Najeriya. Shekarata ta farko a unguwar Cheras har na gaji da gyara wa mutane. Ni 'yar Kamaru ce, daga wani ƙaramin gari a gefen Garwa, inda kakanninmu fatake suka sauke kaya ba su sake ɗauka ba. Bakanuwar da muke haya tare, mai karatun digiri na uku, ta sa ni a gaba da tsokana, wai Hausata Fulatanci ya yi mata yawa. Ni kuwa ba na barin bashin magana ya kwana, nakan ce ta fara tsince Turancin da ke cikin tata kafin ta yi mini gori.

Haushin wannan ne ya sa na buɗe shafi a intanet, ina rubuta labarin garinmu da Hausa, ko mutum ɗaya ya san muna nan. Ta haka na faɗa cikin zauren 'yan bulog na Kamaru. Lokacin da na shiga ba mu da yawa, kowa ya san rubutun kowa. Kafin shekara ta zagayo sai ga sababbi suna ta shigowa daga Duwala, Yawunde, Bamenda, Marwa, wasu da Faransanci, wasu da Turanci. Ni kaɗai ce mai Hausa, ni kaɗai ce kuma a wannan nahiya. Suna da wata al'ada da na so ƙwarai: duk wata a zaɓi matsala guda, kowa ya yi rubutu a kanta rana ɗaya, don ihun ya zama ɗaya. Amma akwai doka. Wanda ya kawo magana sai ya kawo hoton da aka ɗauka musamman dominta, domin sun taɓa shan kunya da hoton wata ƙasa. Mai riƙe da dokar wata 'yar Duwala ce mai rubutu a kan girke-girke, bakinta ya fi barkonon da take tallatawa zafi.

Ina cikin wannan harka sai Inna, mahaifiyata, ta aiko mini da saƙon murya. Bayan gaisuwa da labarin wanda ya haihu da wanda ya yi aure, ta ƙara da cewa kwarin bayan gari ya sake cin ƙasa, ya kusa layin su Baba.

Maƙabartarmu a bakin wani kwari take, kowace damina ruwa sai ya gutsuri gefenta. Baba ya rasu shekara guda kafin in taho, aka sa shi a layin ƙarshe, don nan ne ya rage. Tun daga ranar da na ji saƙon nan ruwan sama ya zama abokin gabata, ga shi kuwa garin nan ba ya gajiya da ruwa. Jirgin ƙasan da nake hawa zuwa makaranta yana bi ta gefen wani tudu cike da kaburburan Sinawa. Kusan kullum da la'asar ruwa yana dukansu, amma ko dutse ɗaya ban ga ya gusa ba. Sai in tsaya a jikin taga ina harararsu, kamar su suka yi mini laifi.

Wata Asabar na sauka, na taka har gindin gangaren. Wata ciyawa ce aka dasa layi-layi, doguwa, mai kauri. Na kama tushe ɗaya na ja, ta ƙi. Na sa ƙarfi har na kusa zama a ƙasa, sai ɗan guntun saiwa ya biyo hannuna. Da na kai hanci sai na ji ƙamshin randar Inna. Jema ce. Jemar da ke tsirowa a fadamarmu ba mai shuka ta, wadda Inna ke jefa saiwarta a ruwan sha, ita ce ta riƙe wa mutane tudu a nan. Na yi dariya ni kaɗai a bakin titi, sannan takaici ya kama ni.

Na rubuta abin a shafina. Masu karanta ni a lokacin ba su fi a tara su a tabarma ɗaya ba. Sai na kai maganar zaure, na ce ina roƙon a ba mu watan gaba.

'Yar Duwala ta ce, "Hoto fa? Ke kina Asiya, kwarin yana Arewa. Wa ya gani?"

Na kira Yaya, babban wanmu, wanda ya zama uban gida bayan Baba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Auta, boko ya fara taɓa ki ko? Maƙabarta za a ɗauka hoto a watsa wa duniya? Liman ba zai yarda ba, ni ma ban yarda ba. Ke da ko ƙofarta ba ki taɓa takawa ba."

"Yaya, ruwan ma bai nemi izinin kowa ba."

"Za a yi gayya in an samu sarari. Ki yi karatun da ya kai ki."

Sararin nan tun ina 'yar firamare ake jiran sa. Na kashe waya. Da muka je cin abinci a mamak, wato gidan abincin da ke ƙasan gidanmu, Bakanuwa ta ga ina juya shayi ban sha ba. Ta ce, "Haba sister, just forget it lah. Ki yi focus a kan thesis ɗinki, ki yi masa addu'a, ai ita yake buƙata."

Na ce, "Addu'a ina yi. Jemar ma ai Allah ne ya halicce ta."

Ta ce in ci abincin ko ta sa a yi mini tapau, wato a ƙunshe mini in tafi da shi, taurin kaina ya ishe ta.

Ban roƙi Inna ba, domin na san a garinmu mace ba ta shiga maƙabarta, kuma ba ita za ta fara ba. Ita da kanta ta tayar da maganar. Ta ce, "Shiga dai ba zan shiga ba. Amma hanyar kasuwa ta ɗaya gefen kwarin ta bi, ba wanda ya hana ni cefane." Matar maƙwabcinmu ta nuna mata inda ake dannawa. Ranar kasuwa sai ga hoto ya shigo.

Na buɗe da ɗoki, sai raina ya ɓaci. Kwarin ya fito sarai, jar ƙasa a tsage, saiwoyin bishiya a waje suna reto. Amma rabin hoton na sama duk babban yatsan Inna ne ya rufe shi, har ana ganin sauran lalle a farcenta. Na kira ta ina ƙoƙarin danne faɗa.

"Inna, yatsanki ya shiga. Sai kin koma kin sake."

"Ba shiga ya yi ba, ni na sa shi."

"Don me?"

"Ke Auta, mutane ne fa a kwance. Ramin kika ce a nuna, ga rami nan. Su kuwa ba su ba ni izini ba, ubanki ma da ransa ba ya son hoto."

Na tura hoton zaure yadda yake, na rubuta maganar Inna a ƙasa, na fassara musu, ina jiran 'yar Duwala ta yi mini wankin babban bargo. Amma sai ta rubuta cewa wata mai zuwa na Arewa ne, kuma wanda ya yanke yatsan nan daga hoton zai gamu da ita.

Ita ta mai da rubutuna Faransanci, wani malamin makaranta na Bamenda ya mai da shi Turanci, suka kuma nace a bar Hausar a sama. Ranar da aka sa, na buɗe waya a cikin jirgi sai na ga abin da ba wanda ya tsara. Kowa ya fita ya ɗauko inda ruwa ke cin nasa garin, wasu maƙabartar coci, wasu ta gargajiya a bayan gida, kuma kowane hoto da yatsa a samansa. Yatsu iri-iri, wani da zobe, wani da baƙin mai na kanikanci. Na rufe fuska da mayafi don kada mutanen jirgi su ga ina kuka.

Maganar ta yi tafiya. 'Yan garinmu masu kilishi da mahauta a Yawunde da Duwala suka riƙa kiran liman. Da aka nuna masa hoton, aka ce ya daɗe yana kallo, ya ce wannan ba tonon asiri ba ne. Aka sa ranar gayya, bayan Sallah. Na ce a matso da ita, aka ce mutane suna gona. Na kira, na sake kira, har Yaya ya daina ɗauka.

Ina tashar jirgi ta Bukit Jalil da yamma, na fito daga aji, sai ga kiransa. Yaya ba ya kira sai da dalili.

"Auta, sai haƙuri. An kwana ana ruwa. Layin ya tafi."

Na tambaye shi Baba fa. Ya ce sun shiga kwarin tun da safe, sun tattaro abin da ya samu, sun sa a sabon likkafani, sun kai can sama sun yi musu sutura. Sannan ya ce, "Ba mu san wane ne shi ba. Duk mun haɗa su."

Ban san jirgi nawa ya wuce ni ba. Na ji haushin Yaya, na ji haushin dattawa, na ji haushin garin nan da ruwansa da tudunsa mai tsayuwa daram. Da na isa gida na rubuta wa zaure cewa na gode, abin da nake karewa ya tafi, zan rufe shafin. 'Yar Duwala ta kira ni ban ɗauka ba. Bakanuwa ta ajiye mini abinci a bakin ƙofa, ko tsokana ɗaya ba ta yi ba.

Kashegari Inna ta kira. Ban san wa ya kai mata labari ba. Ba ta lallashe ni ba, ba halinta ba ne.

"An ce kin ajiye rubutu."

"Inna, don Baba nake yi. Me ya rage?"

"Ubanki ya riga ya isa inda za shi, ruwa bai iske shi ba. To ni fa? In tawa ta zo, ina kike so su Yayanki su sa ni?"

Ta ce in gaishe da Bakanuwa, ta kashe wayarta.

A ranar na sake buɗe shafin. Na rubuta yadda ake raba tushen jema, da yadda ake jera ta a gicciye don ta tare ƙasa, da Hausar da kowa zai gane in an karanta masa. 'Yan zaure suka ɗauka suka yaɗa, suka riƙa tambaya kullum, an fara ko ba a fara ba, har kunya ta hana kowa cewa sai an samu sarari. Ba a jira Sallah ba. Maza suka yi ta jidar buhunan yashi, mata suka shiga fadama suna haƙo jema suna kaiwa bakin hanya, daga nan maza su karɓa su shiga da ita. Yaya ne a gaba, aka ce ko ruwa ba ya tsayawa sha.

Bai taɓa ce mini na yi gaskiya ba, ni ma ban nema ba. Amma da damina ta sake zagayowa ya turo mini hoto ba tare da ko kalma ɗaya ba. Jema ce kore shar, layi bayan layi, ta kama bakin kwarin. A saman hoton ga babban yatsansa.

Yanzu zauren ya cika har ban san rabin mutanen ba, mu masu Hausa ma mun ƙaru, ina yi wa sababbi faɗan hoto kamar ni na kafa dokar. Kwarin bai mutu ba, akwai gefen yamma da ba a taɓa ba, kuma ba zan yi shiru ba sai an dasa shi. Duk ranar da aka ce an yi ruwa a gida, ina kira in tambayi jema kafin in tambayi kwanan kowa. Yaya yakan ce ba ni da ladabi. Inna kuwa sai ta ce, "Tana nan, Auta. Wurina yana nan."